Ba'amurkiya, Motar Kakata

Kakata Saratu ta zo Kuala Lumpur ne da niyyar wata biyu, ta kula da mamata da ta haihu, ta ga sabon jikanta, ta koma kafin damina. Sai cutar korona ta rufe filin jirgi a bayanta. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin. Gidanmu yana can sama a wani dogon bene a Danau Kota, ɗakuna da falo da wata 'yar baranda da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Babana, Yohanna, malami ne a jami'ar da ke Jalan Semarak, amma tun da aka sa dokar kulle ajinsa ya dawo kan teburin cin abincinmu, shi da kwamfutarsa. Shi kaɗai doka ta yarda ya fita cefane, ko ya sauka ya yi mana tapau, wato ya ƙunso mana gurasar roti, a wurin mamak mai sayar da abinci a ƙasan bene. Ni an hana ni fita. Kaka kuwa ko bakin ƙofa ba a bari ta leƙa, domin kullum labarai suna cewa tsofaffi cutar ta fi yi wa illa.

Ban san ta sosai ba kafin nan. A waya kawai nake ganinta ranar Kirsimeti. A Malesiya na tashi, Hausata ta kunne ce: a yi mini magana in gane, in amsa da Turanci ko da Malay. Ranar farko da ta ce in miƙo mata ruwa na ce mata "boleh", wato "to" da Malay, sai ta juya ta tambayi mamata ko mura ce ke damun yarinyar nan. Tun daga ranar ta kafa mini doka a cikin doka, ta ce duk abin da na faɗa mata da wani yare, ita ba ta ji ba.

Bayan cin abincin yamma takan ja kujerar roba zuwa baranda, ta kunna maganin sauro irin mai naɗi, ta ajiye shi a tsakiya. Takan ce a ƙauyenmu na wajen Mangu wutar karan masara ake hurawa a kewaye ta saboda sanyi, amma tunda ƙasar nan ba ta san sanyi ba, ɗan jan garwashin nan ma ya isa a yi hira a gabansa. Nakan zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, mamata tana jingine da ƙofa tana shayar da jariri. Titin da ke ƙasa wanda a da ba ya rabuwa da cunkoso ya zama fayau, sai masu babur da ke kai abinci da motar asibiti jefi-jefi.

Akwai wani dattijo Bamalaye a benenmu, kowa Pakcik yake ce masa, wato kawu. Kullum da yamma yakan sauka wurin ajiye motoci ya tayar da akori-kurarsa, ya bar ta tana aiki na ɗan lokaci don kada batir ya mutu, ya goge gilashi, ya kashe ya hau sama. Kaka ta yi kwanaki tana kallonsa. Wata rana ta ce in ɗauki wayar mamata in jawo mata hoton goshin motar nan kusa. Da ta ga wani zagaye shuɗi mai kama da ƙwai a jikin goshin, sai ta dafa ƙirji ta yi dariya.

"Ƙawata, kin ga waccan? Jikanyar Ba'amurkiya ce."

Na tambaye ta wace ce Ba'amurkiya, da Hausata mai ɗingishi. Ta gyara zama. Kaka ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Tambaya take yi, "Wa zai tura?" Sai an amsa mata da "Mu ne" sannan ta ce, "To ta tashi." In ta gaji kuwa sai ta ce mai ya ƙare, kowa ya sauka.

Ba ta fara da motar ba, da mutumin da ya kafa gidan ƙera ta ta fara. Sunansa ne a rubuce cikin zagayen nan shuɗi, amma ban taɓa jin ta kira shi ba, "Mai Gatari" take ce masa. Ta ji labarinsa ne daga bakin kakana Bitrus, shi kuma daga wata Baturiyar asibitin mishan. Ta ce ɗan manomi ne da bai son aikin gona. Tun yana yaro ba ya ganin agogo ya bar shi, sai ya kwance ya ga abin da ke motsi a ciki. Ya tafi birni ya sami aiki a gidan wutar lantarki, in ya tashi aiki sai ya shige wani ɗan ɗakin bulo a bayan gidansa yana haɗa ƙarafa. Ranar da ya gama haɗa wani keke mai inji, sai ya ga ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan, ba zai fita ba. Bai tsaya kwance abin da ya sha wahalar haɗawa ba. Gatari ya ɗauka ya fasa bangon.

Ta ce ya haɗa kai da masu kuɗi an watse, ya sake an sake watsewa, sai a karo na gaba abin ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan ya ce mota ba ta attajirai ba ce su kaɗai, manomi ma ya kamata ya hau. Sai ya shirya aikinsa yadda motar ce ke tafiya a kan sarƙa tana bin ma'aikata, kowa yana tsaye wuri guda da aikinsa guda. Nan Kaka takan yamutsa fuska. Ba ta son wannan ɓangaren. Takan ce a sa ɗan mutum ya wuni yana ɗaure noti iri ɗaya har kansa ya yi zafi, wannan ba ƙaramin taurin zuciya ba ne, kuma da ya ƙara musu albashi ai don suna gudu ne. "Ba mala'ika ba ne," in ji ta. "Ni gatarin nan kawai nake so a labarinsa."

Sai da aka yi yammaci da yawa kafin na gane dalili.

Kakana Bitrus direba ne a asibitin mishan. Baturiyar nan ma'aikaciyar jinya ce, da motarta ta zo a jirgin ruwa, wata ƙatuwar akori-kura koriya mai faɗin goshi, ita ce Ba'amurkiya. A wancan zamani a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, kamar yadda ake yi a nan Malesiya, sitiyarin kowa yana dama. Nata kuwa yana hagu, don haka a tasha suke ce mata bahaguwa. Da gwamnati ta canja hannu, direbobi suna ta ruɗewa a mararraba, sai ga shi bahaguwa ce kaɗai ta dace da titi. Kaka takan yi dariya har da tafi in ta zo nan. Da Baturiya za ta koma ƙasarsu ta bar wa kakana motar, ya shiga ɗaukar dankalin Turawa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Jos. Kaka tana gefensa a yawancin tafiye-tafiyen, ita ke magana da manoma, idonta kuma yana kan ƙafafunsa da hannunsa.

Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi. Baba Ishaku, yayan babana, bai shiga makaranta ba tukuna, babana kuwa yana nono. Bayan an share makoki 'yan'uwan kakana suka zauna a tsakar gida rabon kaya. Babbansu ya ce motar gidansa za a kai, tunda mace ba ta tuƙi, yara kuma ba su girma ba. A gabanta suka yi ta shawara kamar ba ta wurin. Ta ce har shayi ta dafa musu, ba wanda ya ɗago ya ce, Saratu, ke me kika gani. Da aka nemi makulli ta ce za ta duba. Makullin yana ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zani.

Matsala ɗaya ce. Motar tana tsaye ne goshinta yana fuskantar katangar gida, ita kuma ba ta iya ribas ba, domin duk lokacin da kakana zai yi baya ita ce ke sauka ta duba masa hanya, ba ta taɓa ganin inda yake kai giyar ba. Washegari da hantsi, suna zaune suna shan gwate, ta ɗauki Ishaku ta zaunar a gaba, ta ɗora masa jariri a cinya, ta hau. Motar da sau da yawa sai an tura, ranar murɗawa ɗaya ta tashi. Ruwan sama ya riga ya jiƙa katangar lakar.

"Na tuna da Mai Gatari," in ji ta. "Na ce shi ma ba ta ƙofa ya fita ba. Na sa giya ɗaya, na rufe ido, na taka."

Katangar ta zube, kaji suka watse, babban wan mijinta ya biyo ta da cokali a hannu. Ba ta tsaya ba sai gonar wani manomi da suka saba saye a wurinsa. Aka kai ƙararta gaban dattawan ikilisiya. Ta ce musu katanga ita ta rushe ita za ta gina, mota kuwa ta 'ya'yan Bitrus ce, ita za ta riƙe musu, wanda kuma yake ganin zai iya ciyar da su har su girma ya faɗa yanzu a gaban fasto. Dattawan suka bar mata motar. Ta yi makonni tana tuƙi ba ribas, ba ta tsayawa sai inda za ta iya fita ta gaba, har wani direban babbar mota a kasuwa ya ji tausayinta ya nuna mata. Daga baya ta je ta yi gwaji ta karɓi lasisi.

Ba ta taɓa yi wa Ba'amurkiya ƙarya don ta yabe ta ba. Takan ce shan manta ya wuce misali, kuma da yake kowa motar Faransa yake hawa, kayan gyaranta sai an sha yawo kafin a samu, wani lokaci bakanike ya ɗauko na wata motar ya goge ya sassaƙa har ya shiga. Akwai ranar da lagireto ya fashe mata a kan hawan dutse da lodin tumatir, ta zauna a bakin hanya tana kallon kayan mutane suna ruɓewa, ta zagi motar tas har da iyayen da suka ƙera ta. Amma a cikin taɓon damina, inda ƙananan motoci ke nutsewa, ita ke wucewa tana gurnani. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa, ta ɗauki mawaƙan coci zuwa taro. Da ita aka yi karatun Ishaku da na babana. Sai da gwiwoyin Kaka suka daina jure kuloci ta ajiye ta ƙarƙashin mangwaron bayan gida, can take tun kafin a haife ni.

Duk wannan hirar babana yana teburinsa da abin sauraro a kunne. Amma na lura kunne ɗaya kawai yake rufewa.

Wata ranar Lahadi, mun gama sujada ta waya muna zaune a falo, saƙon murya ya shigo daga Baba Ishaku. Babana ya ɗauka gaisuwa ce, ya buɗe da ƙarfi don Kaka ta ji. Bayan gaisuwa sai muryar ta ce 'yan gwangwan sun sake zuwa, sun ce ranar kasuwa za su zo da wuta su yanka motar kamar yadda aka yi magana, kuma kada a gaya wa Mama sai ta dawo, in ta ga wuri fili za ta haƙura. Babana ya yi ta laluben wayar yana neman kashewa, amma magana ta riga ta fita.

Kaka ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma ba ta ci abinci ba, amma ta ja kujerarta zuwa baranda, ta kunna maganin sauro, ta ce in kira mata Yohanna.

Babana ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya yi mata bayani a hankali, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Ya ce kulle ya rufe kasuwanni a gida, shagon Ishaku a rufe, yara cike da gida. Ya ce motar ta zama ɗakin macizai, ɓarayi suna tsinkar ƙarafanta kaɗan-kaɗan, gara a rabu da ita tun tana da sauran amfani. Daga nan sai ya ɗauko wayarsa. Ya ce ya karanta tarihin Mai Gatarin nata, akwai abin da ba ta faɗa mana ba. Mutumin ya liƙe wa tsohuwar motarsa ta farko shekara da shekaru, ɗansa yana roƙonsa a canja, abokan hamayya suna fito da sababbi masu launi iri-iri, shi ya ƙi, har sai da kasuwa ta fara kuɓuce masa sannan ya saki. Ya ce taurin kan da ya gina gidan shi ya kusa rushe shi.

"Yohanna, ka gama?"

"Na gama, Mama."

"Da ka zo ka faɗa mini wannan kafin ku yi ciniki, da mun yi magana. Amma kai da yayanka kun zauna, ɗaya a Mangu ɗaya a nan, kun raba kayana ina ɗaki na kusa ina goya maka ɗa. Haka 'yan'uwan ubanku suka yi. Su aƙalla a gabana suka yi."

Babana ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba.

"Kullum akwatin talabijin ɗin nan yana faɗin waɗanda suka mutu. Sai a ce ai tsofaffi ne, sai in ji kun sauke numfashi. Ina jin ku. Kun kulle ni a nan don kuna sona, na sani, ban yi gardama ba. Amma ban mutu ba tukuna."

Mamata ta shige ciki da jariri. Ni ban motsa ba. Sai babana ya kawo shawara: a gwada tayar da motar, in ta tashi a bar ta, in ba ta tashi ba a sayar. Kaka ta ce su gwada in suna so, ita dai ba ta yi alkawarin komai ba.

Aka shirya kwana biyu bayan haka, da yammacinmu, lokacin da hantsi ya yi a gida. Baba Ishaku ya kira ta bidiyo, muka taru a baranda, wayar tana jingine da tukunyar fure. Ranar na fara ganin Ba'amurkiya. Na yi zaton zan ga wata gagarumar aba mai sheƙi. Abin da na gani ya ba ni kunya. Tsatsa ta cinye koren fentin, tayoyi sun lotse cikin ƙasa, gilashin gaba ya tsage, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin kujera. Zagayen nan shuɗi kaɗai ya rage a goshinta, shi ma ya koɗe. Wani bakanike da suka kira ya ɗaura batir na aro, ya zuba mai da gora, ya murɗa. Ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya sa ƙarfe ya gwada juya injin da hannu, ya ƙi motsi. Ya goge hannunsa ya girgiza kai, ya ce injin ya kame, ba mai tayar da wannan.

Baba Ishaku ya juyo da wayar fuskarsa. Ya rame fiye da yadda na san shi a hoto. Ya ce, "Kin gani da idonki, Mama."

"Na gani. Ba ta tashi ba. Ni ma da safe sai Hannatu matar Yohanna ta ja hannuna nake tashi daga katifa. In za ku kira 'yan gwangwan, ku ce su zo da babbar mota, mu biyu ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ta matso da fuskarta kusa da wayar ta ce masa in yunwa ce, ya buɗe rumbunta, akwai acca da masara, ya kama akuyoyinta ya sayar, ya ciyar da jikokinta, ba sai ya tambaye ta sau biyu ba. Amma duk wanda ya kawo wuta kusa da motar nan tana wata ƙasa, kada ya zo tarbarta a filin jirgi.

Baba Ishaku ya fara cewa ya riga ya ba mutanen magana, ya kira sunan babana yana neman goyon baya. Babana ya buɗe baki. Ban san lokacin da na riga shi ba. Na ce, "Baba, motarta ce. Ku bari sai ta koma." Wannan ce jimla ta farko da na taɓa faɗa wa babana da Hausa daga farko har ƙarshe. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya ɗauki wayar ya ce wa yayansa ya ba mutanen haƙuri, shi zai aika da abin da ya samu, a bar motar inda take.

Hirar baranda ta ci gaba, sai dai yanzu babana yana rufe kwamfutarsa ya fito ya zauna. Wani lokaci yakan gyara mata tarihin Mai Gatari, ita kuma ta ce masa ya je ya gyara wa ɗalibansa. Shi ya ba mu labarin yadda yake kwana a kan buhunan dankali a bayan motar yana yaro, ƙamshin mai da ƙasa a hancinsa. Ban taɓa jin ya yi maganar yarintarsa ba sai lokacin. Da yamma in Pakcik ya sauka tayar da tasa, Kaka takan ɗaga masa hannu daga sama, shi ma ya ɗaga, ba su taɓa yin magana ba har ta tafi.

Watanni suka shuɗe kafin aka sami jirgin da ya kai ta gida. Ba ta fi mako uku da isa ba sai ga kiranta. Tana zaune a kan kujera ƙarƙashin mangwaro, sanye da zanin zumuntar mata na coci, a bayanta wasu mutane da tukunyar gas da bututun wuta suna jira. Ita ta aika aka kira su, ita ta zaɓi ranar. Ta sa suka cire huluna ta yi addu'a ta gode wa Allah saboda hanyoyin da suka bi tare, sannan ta ce su fara. Raina ya ɓaci. Na ce mata duk faɗan nan da muka yi, ashe sayarwa za ta yi.

"Ƙawata, na san ta mutu tun kafin ku sani," in ji ta. "Amma tawa ce. Ni zan sallame ta."

Ta zauna har suka gama, ba ta kau da kai ba. Abin da aka ba ta kuwa ta miƙa wa Baba Ishaku a gaban kowa ya sake cika shagonsa.

Na daɗe ina ɗauka labarin katanga ne darasin, cewa in an tare maka hanya ka taka totur. Yarinya 'yar shekara sha huɗu wannan take son ji, kuma na yi amfani da shi a inda bai dace ba, mamata shaida ce. Yanzu ina karatun jinya a nan Kuala Lumpur, ana tura mu ɗakin tsofaffi mu koyi aiki, a can na fara ganin abin da Kaka take faɗa da shi. Kusan kullum sai na ga 'ya'ya masu ƙaunar iyayensu sun tsaya a kan gado suna magana da likita, a yi tiyata ko kada a yi, a kai ta gidan wane ko gidan kula da tsofaffi, mai jikin kuma tana kwance a tsakiyarsu idonta biyu, tana bin bakin kowa da kallo. Ba mugunta suke yi ba. Sau da yawa ma shawararsu ita ce daidai, kamar yadda ta babana ta kasance daidai. Kaka tana nan da ranta, Baba Ishaku yana ta lallashinta ta koma Jos kusa da asibiti, ta ce in ta shirya za ta faɗa.

Kwanan baya aka kwantar da wata tsohuwa da ta karye a ƙugu. 'Yarta ta riga ta tsara komai, ranar sallama sai gidan kula da tsofaffi. Ina gyara mata matashi sai na sunkuya na tambaye ta da Malay, Makcik, wato inna, ke ina kike son zuwa? 'Yar ta yi murmushi ta ce mini ba sai an tambaye ta ba, ba ta gane komai yanzu, kuma suna sauri. Ni ɗaliba ce, ba ni da ikon komai a ɗakin nan, kuma na san za a iya kai ƙarata. Ban ɗago ba. Na ci gaba da riƙe hannun tsohuwar ina jira. Ta daɗe tana motsa leɓe, har 'yar ta fara duba agogo, sannan ta ce tana son ta fara zuwa gidanta ta ga kyanwarta, daga nan su kai ta duk inda suke so.